Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Hukumomin Gandun Dajin Ikwatoriyal Gini: A Tsare Ƙofofin Bioko

Zuwa ga Mai Girma Ministan da ke riƙe da harkokin dazuzzuka da muhalli, da shugabannin hukumar INDEFOR-AP mai kula da dazuzzuka da gandayen ƙasar, da Gwamnonin lardunan Bioko ta Arewa da Bioko ta Kudu.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa ta girmamawa, muna fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da duk waɗanda ke aiki a ƙarƙashinku.

Masu wannan takarda Hausawa ne da neman abinci ya haɗa su da tsibirin Bioko. A cikinmu akwai mahauta da fataken dabbobi da 'yan tireda da direbobi mazauna Malabo, akwai kuma likitocin dabbobi da malaman gandun daji da muka roƙa su sa mana baki a kan abin da ya shafi iliminsu. Mun san baƙo raɓa ne. Sai dai wannan raɓa ta daɗe a nan. 'Yan Najeriya sun yi ƙwadago a gonakin koko tun ana kiran tsibirin Fernando Po, a gida kuma ana ce masa Panya, har zuwa kwashe su da aka yi a 1975 da 1976. Ruwan da ke gangarowa daga dutsen Basile shi muke sha, mu da masu gari. Mun rubuta da Hausa ne domin 'yan'uwanmu su san abin da muka roƙa da sunansu, da abin da muka ɗaukar musu alkawari.

Da farko muna taya ku murna. A watan Satumba na 2025 hukumar UNESCO ta sa Bioko a jerin wuraren da duniya ta keɓe domin kare halittu da rayuwar mutanen da ke zaune a cikinsu, kuma wannan ne karo na farko da ƙasar ta samu irin wannan matsayi. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne, tsibirin ya saba samun takardu masu kyau. Tun shekarar 2000 aka ayyana gandun Basile a arewa, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 330, da gandun bincike na Gran Kaldera ta Luba a kudu, mai kimanin 510. In aka haɗa su sun haura kashi 40 cikin ɗari na tsibirin, wanda gaba ɗayansa murabba'in kilomita 2,017 ne. A taswira babu abin da ya rage. A ƙasa ne ake jiran mai tsaro.

Kuma tsaron Bioko ba shi da wuya kamar na sauran gandaye. Wanda ya san yadda ake fama a Yankari ko Gashaka Gumti, inda kowace kusurwa hanya ce kuma mutum na iya shigowa daga ko'ina, in ya ga Bioko sai ya yi sha'awa. Teku ta kewaye ku. Duwatsu uku masu aman wuta ne suka gina tsibirin, Basile mai tsawon mita 3,011, da Kaldera mai 2,261, da Biao mai 2,009, kuma gangarensu ya tilasta wa kowa bin hanyoyi 'yan kaɗan. Akwai titin Malabo zuwa Luba ta yamma. Akwai na Malabo zuwa Riaba ta gabas. Akwai wanda ya haɗa biyun ya ba da reshe zuwa Moka, da wanda ya hau kan Basile, da wanda ya gangara Ureka. Sai kwalekwale da ke sauka a gaɓa. Duk abin da aka kashe a daji domin sayarwa, ta waɗannan ƙofofi yake bi, kuma mafi yawansa a wuri guda yake ƙarewa, kasuwar Semu ta Malabo. Koke-kokenmu duka a kan waɗannan ƙofofi suke.

Na farko, kuma mafi girma, dokar birai.

A watan Oktoba na 2007 fadar shugaban ƙasa ta fitar da doka mai lamba 72/2007 da ta hana farautar birai da sayar da su da cin su da ajiye su. Abin da ya biyo baya an rubuta shi da alƙaluma, domin masu bincike daga jami'ar ƙasar, UNGE, da abokan aikinsu na Amurka sun riƙa ƙirga gawarwakin namun daji a kasuwar Malabo tun 1997, kuma zuwa 2010 sun ƙirga sama da 197,000. Da dokar ta fito, birai sun kusa ɓacewa daga teburan kasuwa. Kowa ya tsorata. Da aka ga watanni sun shuɗe ba a kama kowa ba, sai suka dawo, kuma suka zarce yadda suke kafin dokar. Dalilin a fili yake. Maharbi ya ji cewa wata rana za a rufe ƙofa, sai ya ce bari in kwashi rabona tun ba a rufe ba. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Dokar da aka shelanta aka ƙyale ta ta fi rashin doka ɓarna, kuma muna tsoron sabon matsayin na UNESCO ya bi wannan sawu idan ba a ga canji a kan titi ba.

Birai masu yawo da rana iri bakwai ne a Bioko. Akwai babban nan mai baƙar fuska da ake kira diril, ɗan'uwan bika, wanda ke yawo a ƙasa cikin garke, kuma da karnuka ake kora shi ya hau bishiya sannan a harbe shi. Akwai baƙin kolobas. Akwai jan kolobas na Pennant, wanda babu shi a ko'ina a duniya sai nan, kuma yau ya maƙale a kusurwar kudu maso yamma kawai. Halinsa ne ke cutarsa: yana zama a saman bishiya cikin taro, yana da surutu, ba ya saurin gudu, don haka maharbi guda da bindiga mai cin harsashin lamba 12 na iya sauke da yawa daga garke ɗaya a yini. Uwar biri ɗa guda take haifa, sai ta yi kusan shekara biyu kafin ta sake. Gafiya kuwa tana haihuwa sau da yawa a shekara, 'ya'ya fiye da ɗaya. Wanda ya haɗa biyun a doka guda, ko ya bar su duka ko ya hana su duka, bai san daji ba. Tsibirin ya riga ya yi rashin ɓaunar daji fiye da ƙarni guda da ya wuce, kuma abin da ya ƙare a tsibiri ba ya da maƙwabcin da zai tsallako ya maye gurbinsa.

Wani zai ce ai Hausawa ba sa cin biri, shi ya sa bakinsu ya yi sauƙi. Gaskiya ne ba ma ci. Amma mu masu sayar da nama ne, mun san farashi. Naman daji a Malabo ya fi daskararriyar kaza da daskararren kifi tsada. Ba mayunwaci ke sayen diril ba. Mai albashi ne, mai biki, mai son a san ya ci abin da wasu ba sa iya saye, kuma kasuwar ta bunƙasa ne tare da kuɗin man fetur tun tsakiyar shekarun 1990. Hana wannan ciniki ba zai sa kowa ya kwana da yunwa ba.

Abin da muke roƙo a nan ba sabon gini ba ne. Shingaye suna nan a kan titunan, ana tsayar da motoci, ana duba takardun mutane. A ƙara wa kowane shinge ma'aikacin gandun daji biyu masu izinin buɗe bayan mota da kwance buhu, dare da rana, domin naman yana tafiya ne da asuba don ya riski kasuwa da ɗanyensa. A ba su takarda mai hotunan dabbobin da aka hana, domin in an babbake biri an sare kansa da wutsiya, sai wanda ya san hannu da ƙafa da haƙori ke gane shi. A ba su littafin rasidi mai lamba, ya zama duk abin da aka ƙwace an rubuta irinsa da nauyinsa da lambar motar, a ba direba kwafi, sannan a ƙone naman a gaban shaidu. In ba a ƙone ba, naman da aka ƙwace da safe zai bayyana a tukunyar wani da yamma, shingen kuma ya koma wurin karɓar kaso. A riƙa sauya ma'aikata tsakanin shingaye kowane wata biyu ko uku. A biya su a kan lokaci. Dogarin dajin da ya yi wata uku ba albashi, yana riƙe da taswirar inda dabbobi suke, shi ne maharbi mafi haɗari da za ku iya samarwa.

Sai harsashi. Bindiga tana ɓoyuwa a daji shekara da shekaru, amma harsashi sai an saya kullum, kuma ta tashar jirgin ruwa ko ta sama yake shigowa. A san masu shigo da shi, a san adadin, a sayar wa mai lasisi kawai, kuma a ce sai ya dawo da kwanson da ya harba kafin a ba shi sabo. Masu sintiri su riƙa tsince kwanson da suka gani a kan turba suna rubuta wuri da rana. Yawan kwanso a kowace kilomita shi ne ma'auni mafi arha na ko farauta na ƙaruwa ko tana raguwa.

Game da tarko, muna roƙon a bambance. Manomi a Moka ko Belebu da ya ɗana tarko a gefen gonar makani da doya saboda gafiya da beguwa, haƙƙinsa ne, a bar shi. Wanda ya shiga tsakiyar gandu ya jera tarkon waya ɗaruruwa, ba ya zagayowa sai bayan kwanaki, wannan daban ne. A zafi da laimar nan, gadar da ta faɗa tarko ta mutu ba ta kwana uku ba ta ruɓe ba, sai a jefar a sake ɗanawa. Wayar kuma ba ta zaɓe: tana kama ɗankunya, tana guntule hannun diril. A shata iyaka a kewayen kowane ƙauye tare da dattawansa, a sa alama da fenti a jikin bishiyoyi, cikin iyaka a yi tarko, bayanta a kwance duk wayar da aka gani.

Na biyu, titin Ureka.

Ureka ƙaramin ƙauye ne na ƙabilar Bubi, 'yan asalin tsibirin, shi kaɗai a gaɓar kudu, a cikin gandun Gran Kaldera. Ruwan sama da ke zuba a can ya haura milimita 10,000 a shekara, yana cikin mafi yawa a duniya. Domin 'yan'uwanmu na gida su gane: Kano ba ta cika samun 1,000 ba, wato abin da Kano ke tarawa a shekara goma ko fiye, Ureka na sha a shekara guda. Kafin a gama titin da ya taso daga Luba ya ratsa gandun a 2014, ba a zuwa sai a ƙafa ko a kwalekwale. Ba mu ce titin kuskure ne ba. Mai naƙuda da mai zazzaɓi sun fi kowa sanin amfaninsa. Amma wahalar hanya ita ce ta tsare kudancin tsibirin shekara da shekaru, aka cire ta, ba a sa wani abu a madadinta ba. Tafiyar kwanaki da kaya a ka ta koma ta sa'o'i a mota.

Wannan titi ƙofa guda gare shi. A sa ƙyaure a inda ya shiga gandun, a rubuta kowace mota da adadin mutanenta a shiga da fita, a hana shiga da bindiga da karnukan farauta da injin yankan katako, a rufe shi da dare sai ga mazauna ƙauyen da marasa lafiya. A hana kafa bukka ko sare sabuwar gona a gefensa, domin daga bukka guda ake samun zango, daga zango a samu turbobi goma masu kutsawa daji.

Titin kansa yana bukatar kulawa irin wadda ba a saba yi wa tituna ba. Ƙasar dutse mai aman wuta sakwat take, tana shan ruwa kamar soso. Muddin saiwoyi na riƙe da ita lafiya lau. In aka datse gangare aka bar shi tsirara, ruwa ya cika ta, nauyinta ya ƙaru, sai ta zame gaba ɗaya. Mutanen Limbe ta Kamaru da ke tsallaken ruwa sun ga haka a damunar 2001, aka yi asarar rayuka. Yawancin lalacewar irin wannan titi daga kwalbati take farawa: reshe ya tokare bakinsa, ganye da laka su taru a bayansa, ruwa ya hau kan kwalta, ya ci gefen da ke ƙasa, wata rana a wayi gari rabin titi ya tafi. Maganinsa mutum ne da shebur da adda. A ɗauki mutanen Ureka da Belebu aiki, kowace ƙungiya da yankinta, su share kwalbati da lambatu kowane mako da bayan kowane babban ruwa. Inda gangare ya fara tsagewa a jera kwandunan waya cike da duwatsu a gindinsa, ba katangar siminti ba, domin kwando na barin ruwa ya wuce, siminti kuwa na tare shi har ya ture katangar. A wajen gandun ana iya dasa ciyawar jema a jere bisa kwanciyar gangare, taƙi guda na hannu tsakanin tushe da tushe, saiwarta na nutsawa mita biyu zuwa uku. A cikin gandun kuwa a nemi ciyayin wurin, kada a shigo da baƙon tsiro.

Na uku, kunkurun teku. A baƙin yashin gaɓar kudu, a wurare irin su Moraka da Moaba, iri huɗu ke fitowa yin ƙwai, cikinsu har da babban nan mai bayan fata wanda nauyinsa ke kai ɗaruruwan kilo, da koren kunkuru. Lokacinsu daga wajen Oktoba zuwa Maris ne, wato daidai lokacin rani da titi ya fi daɗin bi kuma masu yawon shaƙatawa suka fi zuwa.

Wanda bai taɓa ganin yadda take yi ba zai ɗauka abu ne mai sauƙi. Cikin dare take fitowa daga ruwa tana jan jiki, tana huci, ta wuce inda igiyar ruwa ke kaiwa, ta share wuri da hannayen gaba. Sai ta haƙa rami da ƙafafun baya, ɗaya bayan ɗaya, tana ɗebo yashi kamar da ludayi, har zurfin ya kusa kamu biyu. Ta zuba ƙwai wajen 80 zuwa 100, ta rufe, ta daddaɓe, ta watsa yashi don ɓatar da sawu, ta koma. Tun daga fitowa har ta fara zuba ƙwai, farin haske ko hayaniya na sa ta juya ta koma ruwa ba ta yi ba. Bayan kamar kwana 60 'ya'yan ke fitowa, su nufi inda ya fi haske, wanda a asali saman teku ne. Fitilar mota ko wutar da aka hura a bakin gaɓa na juyar da su zuwa daji, kaguwa da tsuntsaye su gama da su kafin gari ya waye. Tayar mota na danne rami, sawunta kuma ya zama kwazazzabo ga ɗan kunkurun da bai kai tafin hannu ba. Zafin yashi ne ke yanke ko mace za a samu ko namiji, don haka sare bishiyoyin da ke yi wa gaɓa inuwa ma yana da sakamako. Koren kunkuru yakan yi shekara ashirin ko fiye kafin ya fara ƙwai. Wanda ya kifar da uwa guda a bayanta ya yanka, ya yanka aikin shekara ashirin.

Mutanen Ureka sun san duk wannan fiye da mu, domin tun shekarun 1990 ake ɗaukarsu aikin ƙirga ramuka da sintirin gaɓa. Matsalar ita ce aikin ya dogara da kuɗin tallafi na waje, mai zuwa ya ɗauke. Muna roƙon a sa shi a kasafin gwamnati. A hana mota hawa yashi. Daga faɗuwar rana kada a kunna komai a gaɓa sai jan fitila, kuma kowane baƙo ya shiga da jagora ɗan ƙauyen. Ramin da ruwa zai ci, in za a ɗauke shi, a yi cikin sa'o'in farko, a ɗauki ƙwai ba tare da juya shi ba, a binne a zurfi irin na asali, domin bayan 'yan sa'o'i ɗan tayin ya manne a jikin ɓawo, juyi ɗaya na kashe shi. Kuɗin shiga da za a karɓa a ƙyaure, a rubuta a doka kason da zai koma ƙauyen, a liƙa lissafin a inda kowa zai gani. Ƙauyen da aka hana shi farauta kuma bai ga ko sisi daga baƙin da ke wucewa ta ƙofarsa ba, ba zai daɗe yana goyon bayan gandu ba, kuma ba za mu ga laifinsa ba.

A taƙaice za mu taɓo ɓawon itacen magani na kan tudu, wanda masana ke kira Prunus africana, da aka riƙa ɓarewa a gangaren Basile da kewayen Moka ana kaiwa Turai. Yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar duniya mai ƙayyade cinikin dabbobi da tsirran da ake tsoron ƙarewarsu, tun 1995. Ƙa'idarsa sananniya ce: itacen da kaurinsa ya kai santimita 30, a ɓare kashi biyu cikin huɗu masu fuskantar juna, daga tsayin ƙirji zuwa reshen farko, a bar shi shekara biyar ko fiye ya warke. Wanda ake biya da kilo yakan zagaye itacen duka, itacen ya bushe a tsaye. Kada a ba da izinin ɓara ko ɗaya sai an ƙirga itatuwan an sa musu lamba. Wannan dajin na sama, mai gansakuka da hazo, shi ne ke tatso ruwa daga gajimare ya sa shi a cikin dutse, ya ɓullo a ƙasa a matsayin idon ruwa. Ƙananan tashoshin lantarki na Riaba da Musola ma da shi suke juyawa.

Na huɗu, duwatsun kansu. Basile bai mutu ba, barci yake yi. Ya yi aman wuta a 1898 da 1903 da 1923, kuma ba ta ƙoli ba, ta tsagogin da ke gefensa na kudu maso gabas. Yana kan layi ɗaya da tsibiran Annobon da Sao Tome da dutsen Kamaru da ake hangowa daga Malabo in sama ta washe, layin da ya miƙa har tuddan Adamawa da na Biu a jihar Borno. A 1999 dutsen Kamaru ya fashe ta gefe, narkakken dutse ya gangaro a hankali har ya datse titin gaɓa kusa da Bakingili. A Bioko, datsewar titi guda na nufin yanke garuruwa daga asibiti da kasuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna roƙon na'urorin jin motsin ƙasa aƙalla huɗu a kewayen Basile, domin da ƙasa da haka ba a iya gane wuri da zurfin motsin yadda ya kamata, kuma hawowar motsin daga zurfi zuwa sama ita ce alamar da ake nema. Abin da ke kashe irin waɗannan na'urori a ƙasa mai ruwa sananne ne: farantin hasken rana ba ya cika batir a ƙarƙashin gajimare, laima na cin wayoyi, tsawa na ƙona su, ɓarawo na ɗauke batir. A ninka farantai, a rufe akwati ruf da maganin tsotse laima a ciki, a kafa sandar tsawa, a ba ƙauye mafi kusa gadinsa da lada. Cibiyar Ekona da ke kusa da Buea ta daɗe tana sa ido a kan dutsen Kamaru, a yi yarjejeniyar musayar bayanai da ita.

Tafkin Biao da ke bakin tsohon dutse a saman Moka wuri ne mai alfarma ga Bubi, kuma da izinin dattawansu ya kamata a taɓa shi. Amma a nemi izinin, a auna ruwan ƙasansa sau ɗaya a shekara, zafinsa da iskar da ke narke a ciki. Hausawa da Fulanin Kamaru ba su manta daren 21 ga Agusta 1986 ba, da tafkin Nyos ya saki iskar da ta kashe mutum sama da 1,700 da dabbobi wajen 3,500. Iskar ba ta da launi ba ta da wari, ta fi iskar shaƙa nauyi, tana kwanciya a kwari. Ba kowane tafkin bakin dutse ke tara ta ba, awo ne kawai ke bambancewa, kuma awon kwalba ce mai murfi da igiya da kwalekwale. A koya wa 'yan makaranta alamominta: tsuntsaye da ƙananan dabbobi matattu a rami ba rauni, fitila na mutuwa in an sauke ta ƙasa, kuma in an ga haka tudu ake hawa, ba gangare ake bi ba.

Sai abin da ya shafe mu kai tsaye. Mutanen Malabo na son ɗanyen nama, ba wanda ya yi watanni a ƙanƙara ba, kuma wannan na cikin abin da ke kai su teburin naman daji. Tuddan Moka, masu sanyi, sun riƙe shanu a zamanin mulkin Sifaniya. Muna roƙon a buɗe wa masu kiwo tsofaffin makiyayun da suka riga suka zama fili, bisa yarjejeniya da masu ƙasar, da shinge, da adadin kai da aka ƙayyade, ba tare da sare ko itace guda na gandu ba. Duk dabbar da ta sauka daga jirgi a killace ta kwana 21 a kusa da tasha, likita ya duba ta, ya ga shaidar rigakafin ciwon huhu ga shanu da na annobar awaki da tumaki, domin tsibirin da ba shi da cuta, dabba guda ke shigo masa da ita. A gyara mayanka mai ruwan famfo da magudana da ɗakin sanyi da ke riƙe sanyin digiri 0 zuwa 4 a ma'aunin Celsius, da janareta na ko-ta-kwana. Bayan ɓullar cutar Marburg a ɓangaren ƙasar da ke kan nahiya a 2023, bai kamata a ci gaba da feɗe namun daji da hannu tsirara a gefen teburin kayan miya ba.

Mu kuma ga namu. Direbobinmu ba za su ɗauki biri ko kunkuru ko ƙwansa ba, ko nawa aka biya. 'Yan tiredarmu ba za su sayar da harsashi a ɓoye ba, ba kuma za su sayar da wayar tarko da nadi-nadi ga wanda suka san inda zai kai ta ba. Ɓawon ɗankunya ba zai bi ta hannunmu zuwa Duwala ko Kalaba ba. Za mu roƙi limamanmu su faɗi wannan a masallaci, kuma wanda ya saɓa a cikinmu ba za mu je belinsa ba.

Roƙonmu na ƙarshe shi ne a ci gaba da ƙirgar kasuwar Semu kowace safiya, a ƙara da ta Luba da ta shingaye, a riƙa buga adadin kowane wata uku a rediyo da allon kasuwa, iri-iri, tare da adadin abin da aka ƙwace da na waɗanda aka gurfanar. Muna kuma neman a sa ranar zama kafin kunkuru su fara fitowa a Oktoba mai zuwa, a gayyato dattawan Ureka da Moka da Belebu da Riaba, da matan da ke sayar da naman daji a kasuwa, domin su ma sai an nema musu abin da za su koma sayarwa. In an kira mu za mu zo da mahautanmu da lissafin abin da za mu iya kawowa a kowane wata.

Allah Ya ja zamaninku, Ya yi muku jagora.

Wassalam,
Wasu Hausawa mazauna Malabo da abokan shawararsu.